Muhawara: Kai yaro gidan tarihi wahalar banza ce?

Baban Biyu: Jama'a, zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Yaron da bai kai shekara goma ba, in kun fita waje, kai shi gidan tarihi wahalar banza ce. Mun shiga Louvre a Paris da nawa biyu, muka tsaya gaban hoton Mona Lisa. Ƙaramar tana kan kafaɗata ta ce, "Baba, wannan ɗan abin muka zo gani?" Tsawonsa santimita 77 kacal. Washegari muka je Disneyland, har yau labarinsa suke yi.

Goggo: Haba ɗana. Lilo da majaujawa ai ko'ina akwai su. Ka kwashi yara ka tsallaka teku don su hau lilo?

Kawu: Kuma a Louvre 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan ko sisi.

Baban Biyu: Ba kuɗin shiga nake ji ba, Kawu. Yini guda ne ya tafi, cikin kwana biyar.

Maman Yara: Yaya, laifinka ne fa, kar ka ɗora wa tarihi. Kai ka zaɓi abin da manya ke son gani. A Istanbul na kai nawa Yerebatan, ma'ajiyar ruwan nan ta ƙarƙashin ƙasa da aka gina zamanin Sarki Justinian, ƙarni na 6. Duhu-duhu, sanyi, ruwa na ɗiga daga sama, ginshiƙai 336. Tun a bakin ƙofa na ce musu akwai kan wata mace na dutse da aka kife a gindin ginshiƙi, wanda ya fara gano shi yana da kyauta. Suka yi ta leƙe-leƙe har suka iske kan Medusa. Su a ganinsu wasa muka je. Cikin awa ɗaya muka fito, muka hau jirgin ruwa zuwa ɓangaren Asiya suna ƙirga tsuntsaye.

Baban Biyu: To ai kin dawo maganata, wasa kika mayar da shi.

Maman Yara: Amma a ina aka yi wasan? Kuma ban ce kullum yana ci ba. Da na yi haɗama na ƙara wuri na biyu bayan azahar, babban ya zauna daɓas a ƙasa ya cire takalmi. Tun daga ranar, wuri ɗaya da safe, yamma tasu ce.

Kawu: Ni dai na ga ɗan shekara huɗu ba abin da zai tuna, ko Disneyland ɗin.

Goggo: Ya tuna ko kar ya tuna, iyayen fa? Su ba mutane ba ne, sai su ƙare tafiyar a layin lilo?

Baban Biyu: Goggo, ranki ya daɗe, badi ke za ki goya ƙaramar.