Neman kalma: me za mu kira kwalaben da ke cikin amfilifayar jita?

Jama'a, a taimaka. Jiya a Sabon Gari na raka ƙanena shagon wani dattijo mai gyaran rediyo. Da aka buɗe bayan amfilifayar jitar ƙanen nawa, wato na'urar da ke ƙara wa jitar sauti, sai ga kwalabe huɗu a jere, ƙura ta yi musu hula, cikinsu ya yi ja kamar garwashi. Na ce, "Baba, mene ne sunansu da Hausa?" Ya ce shi dai tun yana yaron shago "bawul" yake ji.

To bawul ɗin nan daga bakin mutanen Ingila aka aro shi, kuma can ne wani masanin lantarki mai suna Fleming ya ƙirƙiro abin a 1904. Amurkawa "tub" suke cewa. Duka biyun masu faci sun riga mu kamawa. Je ka Kwangila ka ce kana neman tub da bawul ka ga abin da za a miƙo maka.

Wani malami daga Samaru ya kawo "kwalbar sauti". Ba laifi, sai dai ita kwalba zuba mata abu ake yi, wannan kuwa an zuƙe iskar cikinta tas. Ni "ƙwan sauti" ya fi kwanta mini, tunda muna da ƙwan lantarki: gilashi ne, yana zafi, yana ƙonewa a canza shi. Manyan da ke tura lasifika, irin su EL34 da 6L6, mu ce manyan ƙwayaye.

Inda gardama ta yi zafi shi ne nan. Amfilifayar mai wat 100 ce, tana da makunnin da ke mai da ita wat 50. A irin tata, ƙwai huɗun ɓangare biyu ne, bibbiyu; idan aka koma wat 50 sai a cire biyu daga aiki, ɗaya daga kowane ɓangare. Ƙanena ya ce a kira su "masu hutu". Baba ya yi dariya ya ce, "Yaro, kawo hannunka kusa." Zafi rau! Zaren da ke ɗumama su yana nan yana shan wutarsa mai ƙarfin bolt 6.3, sauti ne kawai ba ya bi ta cikinsu. Wanda ya ɗauka hutu suke yi zai manta da su shekara da shekaru, biyu su tsufa da aiki, ranar da ya koma wat 100 ya tarar huɗun ba su daidaita ba.

Shi ya sa na ce 'yan benci. Ɗan benci ya sa riga, ya ɗumama jiki, bai dai taɓa ƙwallo ba, kuma koci mai hankali yakan sako shi fili lokaci-lokaci. Haka Baba ya ce a yi: a riƙa komawa cikakken ƙarfi jefi-jefi, ko a sauya musu gurbi bibbiyu, bayan an zare waya sun huce. Kada a zura hannu cikin injin, akwai bolt sama da 400 da kan maƙale ko an kashe.

(Af, rabin wat ba rabin ƙara ba ne, desibel 3 kacal ke raguwa a ma'aunin ƙarfin sauti. Maƙwabtanmu a Tudun Wada shaida ne.)

Malamin Samaru ya ce benci ma ai aro ne. Na ce Malam, a kan me ka zauna a firamare? Ya turo alamar dariya, bai ƙara ba. Kafin mu bar shagon Baba ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta 1 zuwa 4 a gindin ƙwayayen, ya ce a dawo da amfilifayar bayan hunturu.