Abin da aka tattauna kan kuɗin wuta a sabon gidan haya

Ga taƙaitawar shawarwarin da aka ba ɗan'uwanmu da ya tare a Ringim, bil ɗin farko ya ɗaga masa hankali.

1. Kusan kowa ya ce a fara duba bashin tsohon ɗan haya. Bashin yana bin lambar asusun gidan, ko da mita mai kati ce ana zaftare shi duk sa'ad da aka sa kuɗi. A je ofishin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, a nemi bayanin asusun, a tafi da takardar haya mai ranar shiga.

2. A kashe komai na ɗaki, a tsaya gaban mita. In tana ci gaba da ƙirga, mai yiwuwa wani ya ja layi, wataƙila shagon cajin waya ko injin ruwan maigida. Wannan shawarar ta fi gamsar da ni.

3. Hita da dutsen guga su ne masu ci. Guga ɗaya kan ja wajen wat 1,000, ƙwan LED kuwa 10.

An rabu kan wanda zai biya tsohon bashin. Wasu sun ce maigida, a cire daga kuɗin haya. Wasu sun ce a fara zama da shi gaban mai unguwa, kada zumunci ya ɓaci.