Shawarwari ga Mai Rubuta Labarin Ƙawance a Ƙaramar Sakandare

A wata hira da malamai da marubuta suka yi a Sakkwato, wata matashiya ta nemi shawara kan littafin da take rubutawa game da yarinyar da ta baro ƙauye ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a birni, tana neman ƙawaye su karɓe ta.

Abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne harshe. Mafi yawan mahalarta hirar sun ce ta bar yaran da ke cikin labarin su yi Sakkwatanci a zancensu, su ce "mi kaka yi" maimakon "me kake yi", domin sau da yawa da lafazin mutum ake fara yi masa dariya, kuma da shi ake fara jawo shi jiki. Na yarda da wannan ƙwarai, don na ga yarinyar da ta daina ɗaga hannu a aji saboda kalma guda.

Wata malama ta ce kada a nemi babban bala'i, tunda a shekara 12 ko 13 rashin kuɗin tara, da tsohon hijabi, da zama ita kaɗai a inuwar dogonyaro lokacin zafin Afrilu sun isa su karya zuciya. An kuma gargaɗi marubuciyar kada ta mai da yarinyar da ke tsangwamar jarumar labarin muguwa tsantsa, ta nuna abin da ita ma take tsoro a gidansu.

Kan tsawon labarin an sami saɓani: wasu sun so ya kai jarrabawar aji 3, wasu suka ce zango ɗaya ya wadatar.