Arba'in Uku: Yaushe Tayi Ke Zama Mutum?

Mai Tawada:
Bismillah. Ga tambaya a ƙwar huɗu, babban amsa-amo "wa". Mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah mai ƙagen rai,
Cikin duhu uku Ya tsara sarai,
Ku ba ni amsa, masana, ku dai,
Yaushe tayi mutum yake zamowa?

Hadisin Ibnu Mas'udu muka karanta,
Bukhari da Muslim duk sun rubuta,
Kwana arba'in ɗigo ke kwanta,
Sannan gudan jini ke biyowa.

Arba'in na biyu gudan jinin ce,
Arba'in na uku kuwa tsoka ce,
Sai mala'ika ya zo, haka aka ce,
Ruhi a lokacin ake busawa.

Kwana 120 in ka haɗa,
Amma kar a ce ƙofa aka buɗa,
Dardir a sharhinsa ya faɗa,
Ko kafin arba'in babu zubarwa.

Likitar Mata:
Allah gafarta Malam, ni da ƙwar biyu zan zo.

Malam ka ƙirga daga ranar haɗuwa,
Mu kuwa daga ranar fara ganin jini.
Hailar ƙarshe ita ce farkon namu,
Kwana 14 ne tsakani, ka sani.
Kwananka 120 in mun juya,
Mako 19 ne da ƙarin wuni.
Mace ta ji "wata huɗu" a bakin malam,
Ta duba katin awo ta shiga ruɗani.
Ƙwai da maniyyi a bututun ƙwai suke gamuwa,
Ba a mahaifa ba, kamar zaton wani.
Kwana shida ko bakwai yana gangarowa,
Kafin ya kama bango ya sami mazauni.
Kwana 22 da haɗuwa zuciya ta soma bugawa,
Tsawonsa milimita biyu ko uku, ƙanƙani.
Kwana 28 bututun laka ya rufe,
In ya ƙi, ƙwaƙwalwa da baya ke samun rauni.

Ɗan Kallo:
Sai Likita! Malam ya zo da alƙalami, ke kin zo da ma'auni. Muna bayanki.

Ma'aunin Kari:
Ɗana ka rubuta lamba uku,
Baki ya furta shida a jeri.
Ɗango guda sha biyu ya ɗauka,
Wani tara, ina batun kari?
Lamba ba ta ɓoye gurguntaka,
Kunne ke yin hukuncin sha'iri.

Ku furta da baki: ɗa-ri-da-a-shi-rin, gaɓa shida ke nan. Ɗangon farko na baitin Malam na huɗu gaɓa 12 ne, na ukunsa gaɓa 9. Nawa duk goma-goma ne, ku ƙirga.

Ɗan Hilafi:
Baba a bar mu da ƙirgan gaɓa,
Malam ya ɓoye abin da bai so a taɓa,
Lakhami Bamalike ne, ka duba,
Kafin arba'in ya ga halattawa.

Hanbalawa ma a arba'in suka tsaya,
Wasu Hanafawa sun ƙara tafiya,
Da uzuri, har wata huɗu gaba ɗaya,
Kafin ruhi ya kai ga shigowa.

Hadisin Huzaifa a Muslim na ɗauko,
Dare 42 mala'ika ya sauko,
Ya suranta ji da gani tun farko,
To wanne daga ciki kake zaɓowa?

Mai Tawada:
Ƙanena ka tsinto Lakhami a gefe,
Ka bar mu'utamadi littafi a rufe,
Mai neman rangwame haka yake tafe,
Kowace ƙofa yana ƙwanƙwasawa.

Huzaifa sura ya ambata,
Ba busa ruhi ba, sake karanta,
Malamai da yawa haka suka daidaita,
Hadisan biyu ba sa karawa.

In an bugi mai ciki har ta yi ɓari,
Gurra ce, Risala ta yi mana tsari,
Dirhami 600 ko 50 na dinari,
Ushirin diyyar uwa ake bayarwa.

Ko gudan jini ta yar, a dakata,
A zuba masa ruwan zafi a gwada mata,
In bai narke ba, iddarta ta fita,
Ka ga tun nan shari'a ke kulawa.

Ɗan Hilafi:
Malam sandar da ka ɗauko tawa ce,
Gurra ba cikakkiyar diyya ba ce,
Raƙuma biyar cikin ɗari ita ce,
Ina cikar mutum a wannan rabawa?

In an haife shi bai yi kuka ba,
Risalarka ba ta ba shi gado ba,
Ba ta ce a yi masa salla ba,
Mataki-mataki haƙƙi ke hauhawa.

Mai Bishara:
Salama gare ku. Ku ba maƙwabcinku wuri shi ma.

Ni a wurina babu jiran arba'in,
Ran da ciki ya shiga, ran nan ne farkonsa.
23 daga uwa, 23 daga uba,
Kuromosom 46 sun cika tsarinsa.
Ba na uwa ba ne, ba kuwa na uba ba,
Sabon rubutu ne, shi kaɗai ke da irinsa.
Irmiya sura ta ɗaya, aya ta biyar,
Kafin a siffanta shi a ciki an san da zamansa.
Abin da ya rage masa lokaci ne da girma,
Babu wani sabon abu da za a ɗora a kansa.

Lauya:
Ɗan'uwa ka ce shi kaɗai ke da irinsa,
To tagwayen ƙwai ɗaya fa, ka lura?
Har kusan kwana 14 yana iya rabuwa,
Ɗaya ya zama biyu, kowa da sura.
Jiya mutum ɗaya ne, yau kuma biyu?
Wanne ne na asali, wanne aka ƙara?
Kwamitin Warnock a Ingila, 1984,
Kan wannan iyaka ya ba da shawara.
Cocin Katolika ta bambanta matakai a hukunci,
Har 1869, zamanin Fafaroma Pius na tara.
Amurka a 1973 ta kama wani ma'auni,
In tayi zai rayu a waje, jiha na iya kara.
A 2022 kotun ƙoli ta rushe wancan,
Ta mayar wa jihohi, kowacce ta tsara.
Ingila daga mako 28 ta sauko 24,
A 1990 ne dokar ta sha gyara.
Tunisiya wata uku, Turkiyya mako goma,
Tayi ɗaya ne, layin ne kowa ya zana ya tura.

Ma'aunin Kari:
Subhanallah! Lauya, wannan takardar ƙara ce ka yayyanka ka jera. Furta 1984: a-lif-ɗa-ri-ta-ra-da-ta-ma-nin-da-hu-ɗu. Gaɓa 13 a shekara kaɗai, ba a ko sa Warnock ba. Wane bahari, wato ma'aunin waƙa, ne zai ɗauke ta? Mutadarik fa'ilun ne, Mutaƙarab fa'ulun, ba wanda ke da wurin wannan kaya. Shi ma mai "kuromosom" ya ji da kunnensa.

'Yar Baiti:
Baba aruli na Larabawa ne,
Halilu ya auna harshensu ne,
Namu ma'aunin a maƙogwaro ne,
In ta reru ta zauna, babu musantawa.

Ma'aunin Kari:
'Yata, magabata sun rubuta waƙar Hausa a kan Kamil da Rajaz da Basiɗ tun kafin a haifi kakanki, kuma ta reru. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi a harshenmu suke, ba aro muka yi ba. Rera min ɗangon Lauya da numfashi ɗaya, sai in janye. Kuma "ne, ne, ne" da kika jera ba amsa-amo ba ne, kalma ɗaya ce sau uku.

Ɗan Kallo:
Baba ai ɓangaren Malam kake, kowa ya gani. Malam ya jera "ce, ce, ce" ba ka tanka ba.

'Yar Baiti:
Faɗa masa dai! Lauya ya fi kowa kaya yau.

Ma'aunin Kari:
Malam na fara kamawa, ku koma sama ku gani. "Ce" ɗinsa ma aibi ne, na yarda, har da na Ɗan Hilafi.

Ungozoma:
Ku dakata da aruli ku saurara,
Kuna ƙirgan gaɓa jini na kwarara,
Mace na ɗaki ita kaɗai tana ƙara,
Ba wanda a baiti ya ambace ta.

Ciki ɗaya ko biyu a cikin ɗari,
A bututu yake zama, babban hatsari,
Wajen mako shida zuwa goma ya fashe da sauri,
Jinin ya zuba ciki ya sumar da ita.

Alamarsa ciwon mara gefe guda,
Ɗigon jini, jiri, har ciwon kafaɗa,
Tayin nan ba ya rayuwa, na faɗa,
In an yi jinkiri sai a rasa ta.

Wadda kuwa aka taɓa a ɓoye,
Ko aka ba ta haɗi ta shanye,
Guntun mabiyiya na ciki a ajiye,
Mahaifa ta ƙi tsukewa, jini bai barin ta.

Zazzaɓi ya kai 38, ga wari,
Ƙunzugu biyu a awa sun jiƙe da sauri,
Ƙarfe kan huda mahaifa, hanji ya sha mari,
Asibiti a take, kar a tsaya tuhumar ta.

'Ya'yana, ba kowane jini ne zubar da ciki ba. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga matsalar kuromosom ne, matar ba ta yi komai ba. Kuma wadda jininta Rhesus negetif ne a gaya wa likita, don allurar anti-D cikin awa 72 ake yin ta, saboda cikin gaba.

Mai Tawada:
Inna, uwa tushe ce, tayi reshe,
In amintattun likitoci sun kai ƙarshe,
Cewa barin cikin uwar zai kashe,
Mafi sauƙin cuta biyu ake zaɓawa.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka,
A 1990 ta zauna kan haka,
Tayi mai mummunar nakasa, ba shakka,
Irin wadda ba a iya magancewa.

Ƙwararrun likitoci su tabbatar,
Iyayen ne za su nema su gabatar,
Kafin kwana 120 a aiwatar,
Bayan nan sai don ran uwa ake taɓawa.

Wannan lalura ce, ƙanena kar ka ɗauka,
Ka ce Malam ya dawo kan layinka,
Don tsoron talauci surar Isra'i ta hana ka,
Likita, kwanakin nan suna isarwa?

Ɗan Hilafi:
Malam ka ƙwanƙwasa ƙofar da ka zarge ni,
Fatawar Makka ta fi kusa da ni,
Dardir bai ba ka wannan izini ba, ka sani,
Hilafin da ka ƙi shi kake shigowa.

Ɗan Kallo:
Kwana biyu Likita shiru, an bar mana fili ga masu littafi. Allah Ya sa lafiya.

Mai Bishara:
Lauya, amsarka ta yi jinkiri, ga ta.

Rabuwar ɗaya zuwa biyu ba ta nuna
Cewa jiya babu kowa a wurinsa.
Reshen da aka dasa ya zama itace,
Bai soke itacen da aka yanko shi a jikinsa.
Batun Inna kuwa ba mu da jayayya,
Bututun da zai fashe a ceci uwar daga sharrinsa.

Lauya:
Itace ba ya gado, ɗan'uwa, kuma ba a yi masa shari'a. Misalin ya yi kyau a kunne, amma kotu sai ta san mutum nawa ne a gabanta.

Likitar Mata:
Afuwa, Malam. Ba sa isarwa koyaushe, ga dalili.

Hoton da ke bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya,
Mako 18 zuwa 22 ake yin sa a zamani.
Iyakar Makka mako 19 ce da kwana ɗaya,
Mai zuwa a 20 ta makara da kwana shida, ka gani.
Rashin ƙoƙon kai ana gane shi da wuri,
Mako 11 zuwa 14 hoto kan nuna wa masani.
Amma zuciya da ƙoda sai sun ɗan girma,
Aibinsu kan ɓuya har iyakar ta wuce da nisa, rauni.
Folik asid maikirogiram 400 kullum,
Tun kafin ciki, shi ne rigakafin da ya fi magani.
Lauya, ma'aunin rayuwa a waje huhu ne,
Sai da safaktan, ruwan santsin huhu, jakunkunan iska ke zama a buɗe wuni.
A mako 22 kaɗan ke tsira, da na'ura,
Inda babu kwalabar jarirai layin ya matsa gaba, ka sani.
Shin mutuntaka na bin kayan asibiti?
Wannan ma'aunin ban karɓe shi ba ni.
Malam, ga tawa: hoton farko da ke sa ranar ciki,
Daga kai zuwa ɗuwawu yake aunawa, tsawon jikin ƙanƙani.
Kuskurensa kwana biyar ne zuwa bakwai,
Gaba ko baya, ba mu da cikakken yaƙini.
In na'ura ta ce kwana 118 ne yau,
Ta yiwu 125 ne, da wanne za a yi hukunci, ka ba ni?