Muhawara: labaran almarar Sin da rigimar "tatsuniya"

Ɗan Fagge: Wallahi raina a ɓace yake. Wata huɗu ina rubuta labarin wani yaro da ya hau dutse neman ilimin da zai hana shi mutuwa, irin salon da 'yan Sin ke kira xianxia. Na tura wa wata marubuciya, ta ce ba namu ba ne, ba mai karantawa. To su sun riƙe tatsuniyoyinsu sun gina adabi a kai, mu mun bar Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka. Shi ya sa suka yi mana nisa.

Malam Na-Zariya: Dakata, ƙanena. Wace tatsuniya? Labarin Sarkin Birai, Sun Wukong, littafi ne mai babi 100, an buga shi a 1592 zamanin daular Ming. Malamin da birin ke yi wa rakiya ma mutum ne na gaske, Xuanzang. Ya tafi Indiya neman littattafan addinin Buddha, ya dawo gida a 645. Wannan hikaya ce.

Maman Ikram: Haba Malam! Birin da dutse ya haifa, yana rikiɗa kala 72, ka ce ba tatsuniya ba? Don an rubuta ta ba ta tashi daga tatsuniya ba.

Ɗalibin Malam: Hajiya, tatsuniya da dare ake yi wa yara, a fara da "ga ta nan ga ta nanku". Abin da Malam ya faɗa shi ne daidai.

Maman Ikram: Kai kam ko Malam ya ce rana ta fito daga yamma, cewa za ka yi haka ne.

Baƙon Damagaram: Ni dai ku daina cewa Sin. A kasuwa Chana muka sani.

Malam Na-Zariya: Sin daga Larabci muka samo, ta girmi Chana a bakin Bahaushe.

Baƙon Damagaram: Je ka shagon waya ka ce a ba ka ta Sin, mu gani.

Ɗan Fagge: Jama'a, labarina fa? Ba wanda ya ce in turo ya duba.

Maman Ikram: Sai Malam ya janye tukuna.

Shugaban zaure: An rufe. A taƙaice, Malam ya kawo shekaru da sunaye, ya tabbatar hikaya ce. Sauran ra'ayi kawai suka kawo. Maman Ikram, a riƙa girmama manya.