Tambaya: Shin ya dace in mayar da mesata cikin keji mai kama da daji?

Sabon Mai Kiwo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina kiwon ƙaramar mesar nan da take dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana suke kira Python regius. Tun da na karɓe ta tana cikin akwatin roba, da takarda a shimfiɗe, da kwanon ruwa, da maɓoya guda ɗaya. Tana cin ɓeranta lafiya, amma a 'yan makonnin nan, da zarar dare ya yi sai ta miƙe tana goga hancinta a murfin akwatin har wurin ya fara ja. Ina tunanin gina mata babban keji mai ƙasa da rassa da tsirrai, sai dai wasu sun ce irin wannan maciji ya fi son matsatsen wuri, kuma fili zai hana shi cin abinci. Don Allah masu ƙwarewa su ba ni shawara.

Mai Kunkuru ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar da aka faɗa maka tana da tushe, domin a dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya wannan mesa tana wuni ne a cikin ramukan ɓeraye da tsofaffin suri, amma waɗanda suka kafa hujja da haka sun manta cewa da daddare tana fitowa ta yi yawo. Wani bincike da aka yi a kudu maso gabashin Najeriya, aka wallafa a 1998, ya nuna cewa mazan suna yawan cin tsuntsaye, abin da yake nuna suna hawa bishiya. Haka kuma a 2021 wasu masana a Jamus sun gwada akwatin roba da keji mai kayan ciki, suka ga cewa macizan da suke keji suna hawa, suna miƙewa, suna shan ɗumi, alhali na cikin akwati sun fi yawan tura baki a bango suna neman mafita, wato irin abin da taka take yi.

Abin da yake tsorata ta shi ne fili wanda babu abin fakewa a cikinsa. Idan ka yi keji mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, to ka cika shi da ɓawon itace da busassun ganye da rassa masu kauri, ta yadda za ta iya tafiya daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta ji idon kowa a kanta ba. Ka sa maɓoya aƙalla biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi inda zafi zai kai digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Celsius, ɗaya a ɓangaren sanyi mai kimanin digiri 25, kuma kowace ta matse ta har bayanta ya taɓa rufin. In maɓoyar ɗaya ce tak, dole ta zaɓi tsakanin ɗumi da kwanciyar hankali, kuma yawanci ɓuya take zaɓa ko da sanyi zai hana ta narkar da abinci.

Hajiya Mai Hawainiya ta amsa:

Na yarda da bayanin Mai Kunkuru, amma Sabon Mai Kiwo, zan ɗan ja maka birki a kan tsirrai da ƙasa mai rai, wato ƙasar da ake saka wa ƙananan ƙwari don su riƙa tsabtace ta. Na taɓa yin gaggawar haɗa irin wannan keji saboda kyawun hotunan da nake gani a intanet, na zuba ƙasa ba tare da na shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashinta don tsane ruwa ba, kuma kafin wata guda ƙasar ta jiƙe sharkaf, fumfuna ta rufe itacen, tsirran suka ruɓe daga saiwa. Ƙananan ƙwarin da ake sakawa domin su cinye ruɓaɓɓen ganye suna bukatar makonni kafin su yi yawa, kuma ko sun yi yawa ba za su iya da kashin maciji mai cin ɓera ba, sai ka kwashe da hannunka. Ga shi mesa tana da nauyi, duk tsiro mai laushi sai ta kwanta a kansa ta murƙushe shi.

Tun da hancinta ya yi rauni, ni a ganina ka bar ta a kan takarda har ya warke, ka kuma duba ko akwai baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jini a kewayen idonta da ƙarƙashin haɓarta, domin su ma suna hana maciji zama wuri ɗaya, kuma idan suka shiga ƙasar keji fitar da su babban aiki ne. In jan ya kumbura ko ya fara ruwa, a kai ta wurin likitan dabbobi.

Sabon Mai Kiwo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Na duba ban ga ƙwari ba. To wace irin ƙasa zan zuba idan ta warke, kuma ko tana bukatar fitila ta musamman?

Mai Kunkuru ya amsa:

Ka haɗa ƙasa wadda babu taki ko maganin ƙwari a cikinta da ɗan yashi da ɓawon kwakwa, ta yi zurfin da zai riƙe danshi a ƙasa alhali samanta a bushe, domin laimar iska ta tsaya a wajen kashi 60 cikin ɗari, ta ɗan ƙaru lokacin saɓa. Ka guji ɓarzajjen katakon sida, wato itacen nan mai ƙanshi da Turawa suke kira cedar, saboda man da yake cikinsa yana cutar da numfashin macizai. Duk abin da yake ba da zafi lallai ne a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, kuma a sa wa fitila raga, don maciji yakan naɗe abu mai zafi har ya ƙone bai janye ba. Hasken UVB maras ƙarfi, wato wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani wanda fitila ta musamman take bayarwa, yana da amfani gare ta, amma ba ya ratsa gilashi, kuma ƙarfinsa yana raguwa ko da fitilar tana ci, don haka ake sauya ta duk wata shida zuwa shekara. Idan ka mayar da ita sabon kejin, ka ɗauki tsohuwar maɓoyarta mai ɗauke da ƙanshinta ka sa mata, sannan ka ƙyale ta mako guda ba ka taɓa ta ba kafin ka miƙa mata ɓera.