Bahaguwa ce ni, ina neman kibod mai lambobi a hagu

Bahaguwar Akanta:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min da shawara. Ina aikin lissafi a wani kamfanin sari a nan Kano, tun safe har la'asar ba abin da nake yi sai shigar da lambobi a Excel. Ni bahaguwa ce. Cin abinci da rubutu an tilasta min da dama tun ina yarinya, maus ma da dama na koya saboda a makarantar koyon kwamfuta a dama ake ajiye shi, amma buga lambobi hannun hagu ne kaɗai yake min sauri. To kun san ɓangaren lambobin kibod a dama yake. Sai dai in miƙo hagu ta tsallake kibod ɗin gaba ɗaya, in karkace a kujera. Yanzu kafaɗata ta fara ciwo, da daddare har wuya yake hawowa.

Wani ƙanina ya bar min kibod ɗinsa na mekanikal, wato irin wanda kowane maɓalli yake da nasa ɗan makunni (suwic) a ƙarƙashi, na kwana biyu, na ji daɗin dannawa sosai, shi ya sa nake son irinsa amma mai lambobi a hagu. Na zaga Beirut Road, na leƙa Farm Centre, wani mai shago har dariya ya yi, wai bai taɓa jin kibod ɗin bahago ba. Da na bincika a intanet kuma sai wasu guntaye nake gani masu rabin haruffa. Akwai shi kuwa? A ina ake samu?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai shi, mai shagon ne bai sani ba. Guntayen da kike gani na 'yan wasan gem ne, irin su Razer Tartarus da Redragon K585. Hannu ɗaya ake ɗora musu, ba za su yi miki aikin ofis ba. Kalmar da za ki rubuta wajen bincike ita ce southpaw, haka masu harkar suke kiran kibod mai lambobi a hagu. Sunan da ake kiran ɗan damben da yake bahago ne suka aro.

Waɗanda na sani: Keychron Q12, da Epomaker GK96LS, da Bloody B945, sai na kamfanin DSI wanda aka yi shi musamman don bahagwai. Akwai kuma waɗanda ɓangaren lambobinsu cirewa yake yi, ki maƙala shi a hagu ko a dama, kamar Asus ROG Claymore da Mountain Everest Max. Sai dai gaskiya da wuya ki shiga shago ki tarar da su a kan kanta, ko a kasuwar Banex ta Abuja ko a Computer Village ta Legas. Yawanci oda ake yi daga waje.

Ɗan Zariya:
Kafin kowa ya sa ki kashe kuɗi, 'yar'uwa, bari in kawo wata hanya. Ni ma bahago ne, amma maus da hagu nake riƙewa. A wurina kibod ɗin da kowa yake amfani da shi ya fi dacewa da ni: maus a hagu dab da haruffa, lambobi a dama. Me zai hana ki mayar da maus hagu, ki koya wa dama buga lambobi? A saitin Windows ana musanya maɓallan maus ɗin, minti ɗaya bai kai ba. Ko sisi ba ki kashe ba.

Bahaguwar Akanta:
Na gwada, Malam, sati biyu na yi. Maus a hagu bai ba ni wahala ba, amma dama ta ƙi lambobi. Kuskure ya yi yawa, har na sa 8 a maimakon 5 a takardar wani kwastoma, sai da Oga ya kira ni. A aikinmu kuskuren lamba ɗaya kuɗi ne.

Ɗan Zariya:
To na janye. In haka ne hagu ta riƙe lambobinta.

Injiniya Mai Kibod Bakwai:
Hajiya, ni wannan harkar ita ce shaye-shayena, maiɗakina ta gaji da faɗa. Shawarata ita ce kada ki fara da southpaw. Ki sayi abu biyu: kibod marar ɓangaren lambobi, wanda ake kira TKL, mai maɓallai 87 a maimakon 104, sai ki sayi ɓangaren lambobi shi kaɗai, mai wayarsa ta USB daban. Ki ajiye shi a hagu. Shi ke nan, kin haɗa kibod ɗin bahago da kanki.

Dalilina na farko kuɗi. Keychron Q12 yana wajen dala 200 kafin a yi maganar kawowa, ga jikinsa alminiyam ne mai nauyi, masu kawo kaya kuma da kilo suke lissafi. Ki buga wannan a canjin yau ki gani. TKL kuwa ana samunsa a gida, kamfanoni da yawa suna yi, ɓangaren lambobi ma haka, a Jumia ko Konga ko AliExpress.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci ga mai ciwon kafaɗa: abin da yake rabe kina iya matsar da shi. Ki ɗan karkata shi yadda wuyan hannunki yake so, ki matso da shi gabanki ranar da lambobi kawai za ki buga, ki ture shi gefe ranar rubuta wasiƙa. Wanda yake haɗe da jikin kibod inda aka dasa shi nan zai zauna. Sannan da ɓangaren lambobi ya bar dama, maus ɗinki zai matso kusa da jiki, kafaɗar dama ma ta huta da miƙewa. Da yawan masu sayen southpaw ba ma bahagwai ba ne, wannan suke nema. Ga wata garaɓasa ga mai Excel: Tab da Ctrl da C da V duk a hagu suke, hannun da yake buga lamba yana dab da su, dama kuma ba ta sauka daga kan maus.

In kuma zuciyarki ta kafe a kan southpaw, ki ƙura wa hoton ido kafin ki biya. Wasu suna ɗauko ɓangaren lambobin yadda yake su ajiye a hagu, Enter da alamar tarawa suna gefen dama, wato yatsan nuni ko babban yatsa ne zai danna su. Wasu kuma suna juya shi, Enter ya koma ƙarshen hagu, ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Ke da kika shekara kina buga na dama da hagu, yatsunki sun saba da tsarin da ba a juya ba. Kika sayi juyayye sai kin sake koyo.

Malamar Firamare:
Ni ban san komai a kan kibod ba, amma maganar tilasta miki rubutu da dama ta taɓa ni. Cin abinci da miƙa abu da dama ladabi ne da addini ya koyar, wannan ba gardama. Amma rubutu? Har yau ina ganin iyaye suna zuwa suna cewa a doke hannun yaro. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma akwai tarko ɗaya. Yawancin ɓangaren lambobin da za ki gani da araha ba mekanikal ba ne, roba ce a ƙarƙashi, irin na kibod ɗin ofis. Ki sa mai shago ya cire maɓalli ɗaya a gabanki. In kin ga wani ɗan abu mai launi mai kamar alamar tarawa a sama, to suwic ne na gaske. In kin ga ƙoƙon roba, ki ajiye masa kayansa. Kuma in laftof kike haɗawa, ki gwada maɓallin kunna lambobi, wato NumLock, tun a shagon, don wasu tsofaffin laftof da an kunna shi sai haruffan U, I, O, J, K, L su koma lambobi.

Bahaguwar Akanta:
Na ƙanin nawa ƙara gare shi kamar keken buga takardu na da. Mu huɗu ne a ofis, kar a kore ni. Duk haka suke?

Injiniya Mai Kibod Bakwai:
Mai shuɗin suwic ya saya kenan. Launukan nan daga kamfanin Cherry na Jamus suka samo asali, sauran irin su Gateron da Kailh da Outemu suka bi sahu. Shuɗi yana ƙara da gangan, ja yana sauka sumul babu wani tsaiko, ruwan ƙasa kuma yana da ɗan tudu a tsakiya da yatsa yake ji amma ba ya ƙara sosai. Ga mai lissafi da ba ta kallon hannunta, ruwan ƙasa nake zaɓa, saboda tudun nan shi yake gaya miki lambar ta shiga. Ja yana da saurin shiga, ɗan gogar maɓallin kusa sai ki ga lamba ta ƙaru.

Ki nemi wanda aka rubuta hot-swap a kwalinsa. Ma'ana suwic ɗin zarewa yake yi ba sai an yi soda ba. Da ƙurar hunturun Kano, wata rana sifili zai fara bugawa sau biyu, shi ne maɓallin da ya fi shan wahala a wurin akanta. In mai zarewa ne, ki cire ki sa wani, an gama.

Ɗalibin Hausa:
Tambaya a kan tambaya: irin waɗannan suna buga ƙ da ɗ da ɓ?

Injiniya Mai Kibod Bakwai:
Wannan ba aikin kibod ba ne, na kwamfuta ne. Windows yana da tsarin Hausa a cikin harsunansa, ko ka saukar da manhajar Keyman, kyauta ce. Kowane kibod zai yi.

Mai Gashin Ƙashi:
Hajiya, a asibiti nake aiki. Canza kibod zai cire dalilin karkacewar, amma ki duba kujera ma: gwiwar hannu ta zauna kusa da jiki, kafaɗa a sake, ba a ɗage ba. In ciwon ya fara saukowa hannu, ko yatsu suna yin sanyi ko kamar ana tsira allura, kar ki jira oda ta iso, ki zo a duba ki.

Bahaguwar Akanta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na tarar da wani tsohon ɓangaren lambobi na roba a durowar ofis, na jona shi a hagun kibod ɗin da nake da shi don gwaji. Tebur ya cika, amma yau ce rana ta farko da na zauna a miƙe har aka tashi. In albashi ya shigo zan sayi na mekanikal mai ruwan ƙasa, TKL ɗin kuma sai wata mai zuwa. Injiniya, ranar Asabar zan koma Beirut Road, in na turo hoton suwic ɗin a nan ka duba min kafin in biya.

Injiniya Mai Kibod Bakwai:
Turo, Hajiya. Ki ɗauki hoton bayan kwalin ma.